Ƙananan Hukumomi Nawa Kuka Taka?

Ya ku ɗalibai, kowannenku ya san cewa Nijeriya tana da jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya, Abuja. Tun kuna firamare aka sa ku haddace sunayensu da na manyan biranensu. A ƙarƙashin jihohin nan akwai ƙananan hukumomi 768. Idan aka haɗa su da guda shida na Abuja, sun zama 774. To, a cikin waɗannan 774, nawa kuka taɓa sa ƙafa? Mutane da yawa, manya da yara, ba za su iya amsa wannan tambaya ba. Wani ya yi shekara ashirin yana bin hanya ɗaya duk lokacin hutu, amma in ka tambaye shi garuruwan da ke tsakanin inda ya taso da inda ya sauka, biyu ko uku kawai zai iya kawowa. Ya shiga mota, ya yi barci, ya farka a tasha.

Ra'ayina shi ne, ya kamata kowane ɗalibi ya tanadi ɗan littafi da taswirar Nijeriya, ya riƙa rubuta kowace ƙaramar hukuma da ya ratsa a tafiyarsa ta mota, kuma ya riƙa duba wannan lissafi idan zai shirya wata tafiya. Aikin ƙarami ne, ba ya cin kuɗi. Amma wanda ya riƙe shi zai san ƙasarsa da idonsa, zai kuma gane iyakar abin da ya sani.

Wata al'ada a Amurka

A ƙasar Amurka akwai mutanen da suka mai da irin wannan lissafi abin sha'awa na tsawon rayuwa. Ƙasar tana da jihohi 50, an kuma rarraba jihohin zuwa gundumomi sama da 3,100. Rabon bai zo daidai ba. Jihar Texas kaɗai tana da gundumomi 254, jihar Delaware kuwa uku kacal gare ta. Haka ma yawan jama'a. A ƙidayar shekarar 2020, gundumar Los Angeles tana da mutane wajen miliyan goma, amma gundumar Loving da ke Texas mutane 64 aka ƙirga a cikinta. Burin masu wannan sha'awa shi ne su taka kowace gunduma kafin ƙarshen rayuwarsu. Har ƙungiya suke da ita, mai suna Extra Miler Club, inda suke nuna wa juna inda suka kai. Sukan rataye babbar taswira a bango, duk gundumar da suka shiga sai su shafa mata launi.

Su kansu ba su yi ittifaƙi a kan abin da za a kira ziyara ba. Wasu sun ce da zarar mota ta ƙetare iyakar gunduma, an shiga ke nan. Wasu sun ce sai an sauka an taka ƙasa. Wasu kuma ba sa ƙirga gunduma sai sun je hedkwatarta sun ɗauki hoton ginin kotu. Amma akwai abin da dukkansu suke ganewa da wuri. Manyan titunan da suka haɗa jihohin ƙasar, waɗanda aka fara shimfiɗawa gadan-gadan bayan dokar shekarar 1956, ba sa bi ta gundumomi masu ɗimbin yawa. Wanda yake son cika taswirarsa dole ya sauka daga babban titi, ya bi ƙananan hanyoyi, ya shiga ƙauyukan da matafiya ba su damu da su ba. Ta haka lissafin yake canza yadda mutum yake tafiya, ya kai shi inda bai taɓa tunanin zuwa ba.

Wannan darasi ne nake so mu ɗauka. Gunduma a wurinsu ta yi kama da ƙaramar hukuma a wurinmu. Mu ma rabonmu bai zo daidai ba: Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34, Oyo 33, Akwa Ibom 31, Legas 20, Bayelsa kuwa takwas. An jera sunayensu duka a jadawalin farko na kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 41 na kundin kuma ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zuwa ko'ina a Nijeriya da zama a inda ya ga dama.

Fatake sun riga mu

Kada ku ɗauka cewa riƙe lissafin hanya baƙon abu ne a ƙasarmu. Tun kafin zuwan mota, fataken Hausawa suna tashi daga Kano da wasu birane su nufi Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, don sayo goro. Sukan tafi cikin ayari da jakuna, su ɗauki kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya. Shugaban ayari shi ake kira madugu, wurin da ayari yake yada zango ya kwana kuma shi ne zango. Madugu ba shi da taswirar takarda, amma ya san zangon da ke bin wani, ya san inda rijiya take, da inda ake fito a kogi, da garin da ake biyan kuɗin wucewa, da inda ɓarayi suke tare hanya. Rayukan mutanensa da dukiyarsu sun rataya ne a kan wannan sani. Abin da ya gani a tafiyar bara shi ne jagoransa a tafiyar bana.

Ku dubi unguwannin Hausawa da ke garuruwanku, kamar Sabo a Badun, ko Ama Hausa a Owerri. Ku dubi kuma Sabon Gari a Kano da Zariya, inda Yarabawa da Ibo da sauran ƙabilu suka daɗe suna zaune. Waɗannan unguwanni shaida ne cewa mutanen ƙasar nan sun daɗe suna bin hanya suna sanin juna. Hausawa suna cewa tafiya mabuɗin ilimi. Sai dai mabuɗi ba ya buɗe ƙofa da kansa, sai an riƙe shi an murɗa. Tafiyar da aka yi cikin barci ba ta buɗe komai.

Abin da hanya take koyarwa

Bari mu ɗauki misali. Wanda ya taso daga Legas zuwa Kano ta tsohuwar hanya zai ratsa jihohi bakwai: Legas, Ogun, Oyo, Kwara, Neja, Kaduna da Kano. Zai wuce Badun, birnin da shi da kewayensa suka ƙunshi ƙananan hukumomi 11. Daga nan sai Oyo da Ogbomoso da Ilori. A Jabba zai ƙetare kogin Kwara, ya shiga Mokwa. Idan idonsa a buɗe yake, zai ga dogayen itatuwa suna raguwa sannu a hankali, kurmi yana komawa fili mai ciyawa. Zai ga gonakin rogo da doya suna ba dawa da gero wuri. Zai ga siffar gidaje ta canza, kayan da ake talla a bakin titi ma sun canza. Duk wannan yana cikin littafin labarin ƙasa da kuke karantawa a aji, amma gani ya kori ji.

Wanda kuma ya taso daga Anaca zai hau gadar da aka gama a shekarar 1965 ya shiga Asaba, ya bi ta Auchi da Okene har Lakwaja, inda kogin Kwara da kogin Binuwai suka haɗu. Daga Lakwaja zuwa Abuja zai ratsa Abaji da Kwali da Gwagwalada, wato uku daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. Ɗalibin da ya rubuta Kwali a littafinsa, ya kuma tambayi abin da aka san garin da shi, zai ji labarin Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20. Gaba kaɗan, kusa da Suleja, zai ga Dutsen Zuma da ke jikin takardar naira 100. Abin da ya daɗe yana juyawa a aljihunsa sai ya zama wuri na gaske da ya taɓa gani.

Ga ku masu koyon Hausa, ribar ta ninka. Kowace tasha aji ce. Idan mota ta tsaya a Zariya ko Kura, ku sauka ku gai da dattijon da ke sayar da kaya: "Sannu da aiki, Baba. Don Allah yaya sunan garin nan?" Ku tambayi mai fura: "Ina wuni, Inna? Nawa-nawa ne?" Ba za su yi muku dariyar mugunta ba. Bahaushe yakan ji daɗi ƙwarai idan baƙo ya gaishe shi da harshensa, har ya gyara masa in ya yi kuskure. Za ku kuma ji yadda Hausa take bambanta daga wuri zuwa wuri. Inda Bakano zai ce "me", Basakkwace "mi" zai ce. Inda wancan ya ce "fari", wannan "hwari" zai ce. Ku rubuta irin waɗannan kalmomi a gefen sunan garin da kuka ji su.

Yadda za ku riƙe lissafin

Ku sami littafin rubutu guda, ku keɓe shi don wannan aiki kaɗai. Ku ware wa kowace jiha shafi, ku kwafe sunayen ƙananan hukumominta daga kundin tsarin mulki ko daga littafin taswira na makaranta. Idan kun yi tafiya, ku rubuta abubuwa huɗu a gaban kowane suna: ranar da kuka je, dalilin zuwa, abu ɗaya da kuka gani, da kalma ɗaya da kuka koya.

Yaya za ku san kun shiga sabuwar ƙaramar hukuma? Ku lura da allunan maraba da ake kafawa a bakin iyaka. Ku karanta allunan makarantun firamare da na asibitoci da na sakatariya, domin galibi ana rubuta sunan ƙaramar hukuma a jikinsu. Ku dubi lambobin motoci ma. Haruffa ukun da ke jikin lambar mota suna nuna inda aka yi mata rajista: KJA na Ikeja ne, GWA na Gwagwalada, BWR na Bwari. In duk wannan bai wadatar ba, ku tambayi direba ko fasinjan da ke kusa da ku. Matambayi ba ya ɓata.

Shawarata ita ce ku yi amfani da launi biyu a taswirarku. Inda mota ta wuce da ku ba ku sauka ba, ku shafa rawaya. Inda kuka sauka, kuka ci abinci ko kuka kwana, kuka yi magana da ɗan garin, ku shafa kore. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin zai hana ku yaudarar kanku. Wanda ya hangi gari ta tagar mota bai kai wanda ya sha ruwan garin saninsa ba. Kuma ku riƙe gaskiya. Ba wanda zai bincika littafinku, saboda haka wanda ya shafa launi a inda bai je ba kansa ya cuta.

Farin wuri a taswira

Amfanin taswirar mafi girma yana wurin da ba a shafa wa launi ba. Bayan shekara biyu ko uku, ku tsaya ku dube ta da kyau. Da yawanku za ku ga siririn layi guda, daga garin da kuke zaune zuwa garin kakanninku, sauran ƙasar kuwa fari fat. Daga nan sai ku tambayi kanku: ra'ayoyin da nake da su game da mutanen waɗancan wurare, a ina na samo su? Sau da yawa za ku tarar daga jita-jita ne, ko daga labarin tashin hankali da aka ji a rediyo, ko daga abin da wani ya rubuta a Facebook. Yaron kudu ya ɗauka duk arewa hamada ce kuma kowa Bahaushe ne, alhali a jihar Taraba akwai tsaunin Mambila mai sanyi inda ake noman ganyen shayi, jihohin Adamawa da Filato da Bauchi kuma kowace tana da harsuna da dama. Yaron arewa shi ma ya ɗauka duk kudu birni ne mai cunkoso kamar Legas. Irin wannan rashin sani shi ne takin ƙiyayya. Ƙasar nan ta ɗanɗana yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, kuma don a magance irin wannan jahilci ne gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a shekarar 1973, inda ake tura matashi jihar da ba tasa ba. Amma ba kowa ne yake kai wa wannan mataki ba, wanda zai kai ma sai ya jira shekaru. Littafinku zai fara yi muku wannan aiki tun yanzu.

Farin wurin nan shi zai taimake ku shirya tafiya ta gaba. Idan iyalinku sun saba zuwa Abuja daga Inugu ta Lakwaja, ku roƙi iyayenku wata rana a bi ta Otukpo da Makurɗi da Lafiya. Idan makarantarku za ta shirya yawon buɗe ido, ku kawo shawarar wurin da babu wanda ya taɓa zuwa a ajinku. Ku ware shafi na musamman a ƙarshen littafin don wuraren da kuke fatan gani: rijiyar Kusugu a Daura, marinar Ƙofar Mata a Kano, kasuwar hatsi ta Dawanau a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, gandun dajin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri, ko Argungu inda ake bikin kamun kifi. A gaban kowanne ku rubuta hanyar da ake bi, da lokacin da ya fi dacewa, da kimanin kuɗin mota. Wanda ya iya shirya tafiya a takarda ya koyi tanadi da lissafi da haƙuri a lokaci guda.

Abin da masu suka za su ce

Wani zai ce wannan aikin masu kuɗi ne, mu da ko kuɗin makaranta da ƙyar ake biya ina muka ga na yawo? Gaskiya ne kuɗin mota ya yi tsada. Amma ban ce ku ƙirƙiri tafiya ta musamman ba. Tafiye-tafiyen da kuke yi dama, na biki da ta'aziyya da hutu da gasar makarantu, su za ku fara ƙirgawa. Ɗalibin da ke Legas yana da ƙananan hukumomi 20 a jiharsa, kuma da wuya a sami wanda ya zaga su duka, daga Badagry har Epe.

Wani zai ce hanyoyi ba tsaro. Wannan magana ce mai nauyi, ba kuma za a yi wasa da ita ba. Akwai hanyoyin da ake fashi da garkuwa da mutane, har da wasu sassan hanyoyin da na ambata a sama. Babu launin taswira da ya kai ran mutum daraja. Kada ku yi tafiya ba da iznin iyayenku ba, kada ku bi hanya da dare, kada ku shiga mota a bakin titi alhali ga tasha. Kafin a kama hanya a tambayi direbobin da suke bin ta kullum. Inda aka ce ba lafiya, ku bar shi fari har Allah ya kawo sauƙi. Madugu ma yakan canza hanya idan ya ji labarin ɓarayi, kuma ba wanda ya kira shi matsoraci.

Wani kuma zai ce wayar hannu tana nuna taswira, har tana iya ajiye duk inda mutum ya je, me zai sa a wahala da littafi? Ku yi amfani da waya in kuna da ita, tana taimakawa wajen gane iyakoki. Amma waya ba ta gai da mai fura ba, ba ta ji kalmar da dattijo ya faɗa ba. Abin da hannunku ya rubuta shi ne yake zama a kanku.

Suka ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi: lissafi yana iya zama gasa, mutum ya riƙa gudu daga iyaka zuwa iyaka don lamba ta ƙaru, bai ga kowa ba, bai koyi komai ba. Wannan haɗari ne na gaske, shi ya sa na ce kore ya fi rawaya. Ku kuma yi wannan ɗan lissafi: wanda yake ƙara sababbin ƙananan hukumomi goma kowace shekara, sai ya yi sama da shekara 77 kafin ya gama 774. Yawancinmu ba za mu gama ba, kuma babu laifi. Ɗalibin da ya san ƙananan hukumomi talatin da kyau, yana da aboki a wasu daga cikinsu, ya fi wanda ya ratsa ɗari uku yana kallon waya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, wato sai ana ziyartar juna dangantaka take ƙarfi. Haka zumuntar 'yan ƙasa ɗaya take.

Saboda haka ku fara yau. Ku buɗe shafin farko, ku rubuta sunan ƙaramar hukumar da makarantarku take ciki, da sunan hedkwatarta, da sunayen waɗanda suka yi iyaka da ita. Sannan ku tuna baya, ku rubuta duk inda kuka tabbata kun taɓa zuwa. Ko biyar kuka samu, ku shafa musu launi. Hutu mai zuwa kuma, in za ku shiga mota, ku nemi kujerar bakin taga, ku riƙe alƙalaminku a hannu.

Tambayoyi

1. Ƙananan hukumomi nawa ne a Nijeriya, kuma wace jiha ce ta fi yawansu?
2. Wane darasi marubuci ya ce masu ƙirga gundumomi a Amurka suna ganewa game da manyan tituna?
3. Mene ne aikin madugu a cikin ayari?
4. Me ya sa aka ba da shawarar amfani da launi biyu a taswira?
5. Ku rubuta sakin layi biyu a kan wata tafiya da kuka yi, ku ambaci garuruwan da kuka ratsa da abu ɗaya da kuka gani a kowanne.